Katakan Ɗakin Maruƙa

Ina tsugune a bakin murhu, ina tura itace ƙarƙashin tukunyar abincin shanu, mai unguwa ya shigo tsakar gidanmu. Bai yi gyaran murya a ƙofa ba kamar yadda ya saba. Ya tsaya a kaina, hularsa a hannu, alhali sanyin ranar har fasa leɓe yake.

"Uwar Jong-hi, tashi mu je."

Na ce masa abincin bai nuna ba.

"Bar shi."

"In na bar shi zai kama."

Sai ya faɗa mini a tsaye. Ya ce 'yar taraktar mijina ta zame a kan ƙanƙara a kwanar gangaren dutse, da lodin karan shinkafa a bayanta, ta kife cikin rafi. Ya ce mijin nawa, Pan-gil, yana ƙarƙashi. Ya ce mutane sun taru sun ɗaga ta, amma sun makara.

Na ce, "Karan fa? Ya jiƙe?"

Ya dube ni. Har yau ban san abin da ya sa na yi wannan tambaya ba. Na janye itacen daga wuta, na rufe tukunya, na ɗauraye hannuna, na bi shi. A hanya na lura takalmina na dama ya fara ɓulewa. Abin da na riƙa tunani ke nan har muka isa rafin. An kwantar da shi a bakin hanya, an rufa masa rigar wani. Karan ya watse a kan ƙanƙara. Bai jiƙe ba.

Mu ba masu shanu da yawa ba ne. Pan-gil yakan sayo maruƙa a kasuwar gari, ya yi kiwonsu, in sun kai ya sayar ya sayo wasu, saboda haka ba su taɓa zama sa'o'in juna ba. A sanyin nan huɗu ne a ɗakin shanu. Akwai 'yan bijimai biyu da suka haura shekara, har an huda musu hanci an sa zoben itace. Ɗaya muna ce masa Ƙato, ɗayan Acici. Akwai karsana da ba ta kai su ba. Sai ƙaramar, wadda ya sayo a kasuwar ƙarshe da ya ci, ba a daɗe da raba ta da uwarta ba. Ranar da ya sauke ta daga amalanke na ce masa, "Baban Jong-hi, saniya ka je saye ko akuya?" Ya ce, "Ki bari ta ji ki, za ta riƙe ki a zuciya." Sunan ya bi ta. Akuya.

Aikin a rabe yake tun zamanin surukata. Ni ke dafawa: yankakken kara, harawar wake, dusa, ruwan wankin shinkafa, safe da yamma. In ya nuna in kwashe a bokiti in ajiye a bakin ƙofar ɗakin shanu. Daga ƙofa zuwa ciki nasa ne. Tun ina amarya nake ajiye bokiti a wurin nan, ban taɓa tsayawa na ga yadda ake zubawa ba. Na san dai akwai katakai a ciki da ya raba ɗakin da su. Ban taɓa tambayar amfaninsu ba, kamar yadda shi ma bai taɓa tambayata yawan gishirin da ake sa wa kabeji ba.

A gida aka yi zaman makoki. Aka kafa rumfa a tsakar gida, aka hura wuta, matan unguwa suka karɓe kicin. Pan-gil mutumin kasuwa ne, ya san jama'a, sai jama'a suka zo fiye da yadda aka zata. Teburan unguwa, waɗanda ake ajiyewa don biki da mutuwa, an ara wa ƙauyen sama rabinsu, ana auren wani a can. Ƙanen mijina, Pan-ho, shi ke riƙe da hidimar. Ya zaga gidan yana neman abin da za a ɗora kwanuka. Ina zaune gefen akwatin gawa cikin tufafin makoki na ji ƙarar guduma daga ɗakin shanu. Na ji, ban tambaya ba.

Katakan ya ɓalle. Faffaɗa ne, sun yi sumul saboda gogar jikin shanu. Aka wanke su da ruwan zafi, aka jera a kan akwatunan kwalabe, aka shimfiɗa farar takarda. A kansu aka ci shinkafa da miya mai yaji da naman alade, a kansu aka sha giyar shinkafa, a kansu tsofaffi suka buga karta. Daga cikin ɗaki ina jin su.

"Kai, wannan tebur warin fitsarin shanu yake."

"Gashin bakinka ne, tsoho. Tun bara ba ka wanke shi ba."

"Ko dai Pan-gil ne ya ƙi tafiya? Ya dawo ya ga wa ke cinye masa nama."

"Bar shi ya gani. Shi da ya ci na uban kowa a kwarin nan."

Suka yi dariya. Haka ake yi, ba laifi ba ne, gidan mutuwa ba a barinsa shiru. Ni kuma duk wanda ya shigo ya durƙusa gaban hoton, sai in buɗe baki in yi wayyo, wayyo, yadda ake yi. Muryar na fita. Idona kuwa a bushe.

Bayan an kai shi kan tudu an binne an dawo, mutane suka watse. 'Yarmu Jong-hi ta koma birnin Daegu wurin mijinta da aikinta. Aka kafa ɗan tebur a baranda da hotonsa a kai, in kai masa shinkafa da miya safe da yamma kamar yana nan, har ranar da za a ɗauke.

Sai na zama ina dafa abinci kashi biyu, na mamaci da na shanu. Nawa kuwa abin da ya dawo daga teburinsa ne, in ci a tsaye. Wutar tukunyar shanu ita ke bi ta ƙarƙashi ta ɗumama daɓen ɗakin Pan-gil, saboda haka ɗakin nan kullum da ɗumi, ba kowa a ciki. Ni ina kwana a nawa, mai sanyi. Bokitin shanu yanzu ba mai karɓa a ƙofa, sai in miƙa hannu daga waje in juye a dogon komin da suke ci a ciki, in juya in tafi. Ina jin rige-rige a bayana, ƙaho na dukan itace. In na dawo in ga komi fes. Na ce a raina suna ci.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka a haka ba. Kwanakin duk kamarsu ɗaya. Gari ya waye, in hura wuta. Rana ta yi sanyi, in hura wuta.

Bun-rye ce ta gani. Maƙwabciyata ce, ta girme ni, mijinta ya daɗe da rasuwa, bakinta kuma ba shi da linzami. Ta zo aron rariya, ta leƙa ɗakin shanu a kan hanya, sai na ji ta ƙwala mini kira.

"Ke Mal-sun! Zo nan. Mijinki ne ya mutu ko idonki?"

Na zo.

"Dubi wannan. Dube ta da kyau."

Akuya na tsaye a lungu ta takure, gashinta ya tashi tsaye. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga ƙofa. Cikinta ya kumbura da ruwa da busasshen karan shimfiɗa da take tsinta. A ƙugunta akwai wurin da gashi ya tuje.

"Ina zuba musu, Yaya."

"Kina zuba wa wa? Kawo bokitin in gani."

Dama lokacin abincin yamma ya yi. Na juye, wannan karon ban tafi ba. Ƙato ya kama tsakiya. Acici ya bi komin daga wannan kai zuwa wancan yana ture kowa. Karsana ta san dabara, ta cafki baki ɗaya ta ja da baya ta tauna, ta sake dawowa. Akuya ta matso a hankali ta jikin bango. Ba ta kai ga sa baki ba Ƙato ya juyo da kai kawai, bai ma taɓa ta ba, ta koma lungu. Da suka gama ta zo ta lashi itacen komin.

"Kin gani? To da a ina take ci?"

Sai a lokacin na dubi ginshiƙan ɗakin na ga ramukan ƙusa. Bun-rye ta bi su da yatsa tana nuna mini. Nan katakan suke. Nan kuma ya bar 'yar kafa, daidai faɗin ƙaramar maraƙa, ta shiga ta ci nata a ƙaramin komi, ta fito ta kwanta cikin 'yan'uwanta. Manya ba sa iya bin ta. Ƙaramin komin ma yana nan a kife, an ture shi gefe, kashi ya rufe rabinsa.

Na ce to a mayar da katakan, suna jingine a bayan gida.

Bun-rye ta riƙe baki. "Katakan da aka ci abincin mutuwa a kai? Ki mayar cikin dabbobi masu rai? So kike su bi shi ɗaya bayan ɗaya? Ai tun ranar ya kamata a ƙone su tare da kayansa. Kuma kar in ji ƙarar guduma a gidan nan. Gidan da aka rufe akwatin gawa ba a buga ƙusa sai an ɗauke teburin mamaci. Da uwar mijinki na raye da ta faɗa miki."

Ban yi gardama ba. A lokacin ko rufin gida aka ce in cire, zan cire. Ita da kanta ta ja katakan zuwa bakin rafi ta cinna musu wuta.

Na aika aka kira Pan-ho. Ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin yana sosa ƙeya.

"Matar Yaya, ni fa ban sani ba. Mutane na tsaye da kwano a hannu, me zan yi?"

"Ban ce ka yi laifi ba."

"Da kin ce ma da ya fi mini sauƙi."

Ya saro sanduna a bayan gida ya ɗaure da igiya, tunda ba halin ƙusa. Ya yi ƙoƙari. Acici ya zo ya sosa wuyansa a jiki, shingen ya kwanta. Ya sake ɗaurewa, ya sake kwantawa. Daga nan Pan-ho ya zauna a bakin baranda ya kunna taba.

"Matar Yaya, ki ji magana. Wannan ba aikin mace ɗaya ba ne. Bari in kira dillali ya kwashe su gaba ɗaya, ki huta."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba, shi kuma ya ɗauka e ne. Dillalin ya zo da motarsa. Ya shafa bayan Ƙato, ya buɗe bakin Acici, ya yaba karsana. Da ya zo kan Akuya ya yi tsaki.

"Wannan kuma fa? Kare ne ya ari fatar saniya?"

"Haɗawa za ka yi da ita," in ji Pan-ho.

"In haɗa in kai ina? Ba za ta isa gari da rai a mota ba. Ku ba mahauci tun tana numfashi, ko miya a samu."

Akuya na kallonmu daga lungu tana tauna bakin igiya. Sai na ji bakina ya ce, "Ba na sayarwa."

"Wacce?" in ji Pan-ho.

"Duka."

"To ki sayar da manyan biyu mana, ai su ne fitinar."

"Baban Jong-hi ya ce sai bayan shuka za su kai sayarwa."

"Matar Yaya, Yaya ya mutu."

"Na sani. Amma haka ya ce."

Dillalin ya tofar da yawu ya hau motarsa. Pan-ho ya bi shi yana ba shi haƙuri.

Dabarar da ta zo mini ita ce in ware ta. Na share ɗakin ajiya na gefen kicin, na baza kara, na jawo ta da ƙyar. Na kawo mata abinci mai ɗumi ita kaɗai, har da ƙarin dusa. Ta shinshina ta juya baya. Ta fuskanci ƙofa ta fara kuka, karsana na amsa mata daga can. Haka suka wuni, haka suka kwana, har muryarta ta dishe, sai dai a ga baki na buɗewa. Abincin ya sandare a gabanta. Na ɗumama, ya sake sandarewa.

Bun-rye ta leƙo ta katanga. "Ki mayar da ita, ko don kunnuwanmu su huta. Can yunwa, nan kaɗaici. Bar ta ta zaɓi wanda zai kashe ta."

Na kwance ta. Da gudu ta tafi, ƙafafu na harɗewa, ta shige ɗakin shanu. Rana ta yi tsaka, manyan na kwance suna tuƙa. Ta ratsa ta kwanta tsakanin Ƙato da karsana, ta manna jikinta da nasa. Ƙaton nan da ya tuje mata ƙugu ya juyo ya lashi kunnenta. Na daɗe a tsaye ina kallo. Ashe ba ƙinta suke ba. A bakin komi ne kawai ba su san kowa ba.

Da yamma na ɗauki muciyar da nake juya abincinsu, na tsallaka ƙofar da bokiti. Ban gama juyewa ba Acici ya bangaje ni da kafaɗa, na zauna daɓas cikin kashi. Ban ji zafi ba sai washegari. Na tashi, na ɗauki muciyar, na buga masa a hanci wurin zoben. Ya ja da baya yana girgiza kai. Na je kusa da ƙarshen komin, na bar ɗan wuri tsakanina da bango, na tsaya inda katakon yake a da.

Akuya ba ta zo ba ranar. Ta tsaya tana kallo. Washegari ta zo ta ɗauki baki ɗaya ta gudu. A hankali ta gane in ina wurin ba mai taɓa ta. Takan shigo ta haguna ta cusa kai, kafaɗarta na gogar gwiwata. A damana kuwa Ƙato ne, nauyinsa duk a ƙuguna, numfashinsa na tururi a wuyana. In na matsa kaɗan ya cinye wurin. Saboda haka ba na matsawa. In tsaya har sai ta ɗago kai da kanta.

Da farko ba ta iya cin harawa ba, sai ta tsince dusa ta bar sauran. Karsana take kallo ta bayan ƙafafuna. In karsana ta ja harawa ta tauna, ita ma sai ta ja. Da a ɗakin ajiya take, da ba mai koya mata.

Tsayuwar na da tsawo, ƙaramar dabba ba ta sauri. Ƙafafuna kan mutu cikin takalmin roba. Ba na tunanin komai. Wani lokaci in kalli tururin da ke tashi daga komi. Wani lokaci in tuna ban kai wa mamaci shinkafarsa ba, in ce ya jira, ai ya san dalili.

Da sabuwar shekara Jong-hi ta zo. Ta same ni a ciki, muciya a hannu, kashi har idon sawu.

"Mama, me kike yi a nan?"

"Tsayuwa."

"Na ga tsayuwa. Ta mece ce?"

"Tana ci."

Ta jira ni a waje tana bubbuga ƙafa saboda sanyi. Da muka shiga ɗaki ta zube mini abin da ta zo da shi. Ta ce sun gyara mini ɗaki a gidansu, akwai ruwan zafi a famfo, ba hura wuta. Ta ce Baffa Pan-ho ya faɗa mata na kori dillali. Ta kama hannuna ta juya, ta ga inda sanyi ya tsattsage.

Na ce, "In na tafi wa zai tsaya?"

"Mama, saniya ce fa!"

"Ba ta kai saniya ba tukuna."

"Kin san abin da mutane ke faɗa? Wai ko ɗigon hawaye ba ki yi wa Baba ba. Ba sai sun faɗa ba ma, ni na gani da idona. Amma maraƙa kin iya tsaya mata safe da yamma."

Tana faɗa ta fashe da kuka. Na dube ta. Hancinta ya yi ja irin na ubanta in ya sha sanyi. Na so in ce wani abu. Na duba cikina ban sami komai ba, kamar an sa ludayi a tukunyar da aka riga aka kwashe. Na tashi na ɗora mata miya. Ta ci, ta yi kwana biyu, ta koma. A tasha ta cusa mini safar hannu mai kauri a aljihu.

Ana cikin haka tari ya shiga ɗakin. Acici ya fara, bai daɗe ba ya warke, ko abinci bai fasa ba. Ƙato ma haka. Abin da ya zame wa manya 'yar mura, da ya sauka kan Akuya sai ya kayar da ita. Wata safiya na shigo da bokiti ba ta tashi ba. Hanci na zuba, kunnuwa sun yi sanyi, numfashi kamar ana jan zarto.

Na ɗaura mata tabarmar kara a baya. Mai unguwa ya kira likitan dabbobi ta wayar gidansa. Ya zo a babur, ya yi mata allura, ya ce a raba ta da manya. Na faɗa masa abin da ya faru a ɗakin ajiya. Ya kalle ta, sannan ya ce, "To, Inna, ki bar ta inda take so. In ta tashi ta ci, ta tsira. In ba ta tashi ba, ba abin da zan ƙara."

Bun-rye ta zo da kwalba, ta fasa ƙwai cikin giyar shinkafa, muka ɗaga kan Akuya muka ɗura mata. Rabin ya zube a wandona.

"Sha, 'yar banza," in ji Bun-rye. "Ni da na girme ki ba wanda ya ɗura mini."

Na gwada kai mata abinci har inda take kwance. Ta kau da kai. Na riƙa juye wa manyan nasu, in tsaya a wurina duk da haka, haguna a buɗe ba kowa. Ƙato na matsa ni, ina matsa shi. Bun-rye ta tsaya a ƙofa ta ce, "Yanzu kuma wa kike tsare wa?" Na ce wurinta ne.

Wata yamma ina tsaye haka, manyan na rige-rige, na ji motsin kara a bayana. Ban waiga ba. Na ji ta yunƙura ta faɗi. Ta sake yunƙurawa. Can sai na ji abu ya jingina da ƙafata ta hagu yana rawa. Ta sa baki. Ta ci abin da bai wuce cikin tafin hannu ba, ta tsaya tana haki, ta ƙara. Na tsaya har abincin manyan ya ƙare, har suka fara leƙo nata, na ɗaga musu muciya. Da ta gama na fito na wanke bokiti. Na leƙa ta katanga na ce wa Bun-rye, "Ta ci."

Ta ce, "To ke fa?"

Na ce zan ci.

Da ƙanƙara ta narke aka ɗauke teburin mamaci. Washegari, tun ban gama hura wuta ba, Pan-ho ya iso da sababbin katakai a kafaɗa da ƙusoshi a aljihu. Ya bi tsofaffin ramukan, ya auna faɗin Akuya da hannu, ya bar mata kafa. Ya kankare ƙaramin komin ya mayar wurinsa. Ya share gumi ya ce, "Matar Yaya, yau kin huta. Zuba ki fito."

Na zuba na fito. Akuya ta shiga ta kafar, ta tsaya gaban kominta ita kaɗai, katako tsakaninta da Ƙato. Ta dubi abincin. Ta dubi ƙofa. Ba ta ci ba.

"Rashin sabo ne," in ji Pan-ho. "Yunwa za ta koya mata. Ki daure, kar ki shiga."

Na daure ranar, safe da yamma. Washegari na ga ta fara komawa lungu, sai na tsallaka katakon na tsaya. Ta zo ta haguna ta cusa kai.

Pan-ho ya jefar da guduma. "Ni dai na ga ta kaina da katakan nan. Na cire, ban yi daidai ba. Na mayar, a banza."

Na ce ya shigo ya sha ruwan zafi kafin ya tafi.

Bayan shuka aka sayar da Ƙato da Acici, kamar yadda Pan-gil ya ce. Karsana ta bi su a shekarar gaba. Akuya na riƙe. Ba ta yi saurin girma ba, amma ta girma, ta kuma yi ta haihuwa.

Yanzu ta tsufa, ni ma haka. Bun-rye ta rasu. Na daina dafawa, abincin buhu ake kawowa a mota. Jong-hi ta daina maganar Daegu, sai dai ta turo magani ta kira waya. Mutane sun daina maganar hawaye, su ma hawayen ba su zo ba har yau. Maruƙa biyu ne tare da ita a ɗakin, babba da ƙarami, kowa da gurbinsa, kuma in ta taso dukansu kaucewa suke.

Amma in na juye mata nata, sai ta tsaya ta dube ni. Gwiwoyina ba sa son tsayuwa yanzu. Na gwada kawo kujera, ba ta yarda ba. Sai in jingine sandata a ginshiƙi in tsaya a damanta. Kafaɗarta yanzu daidai ƙirjina take. Ta cusa kai, ni kuma in jira har ta ɗago.